Littafi na Biyu Ba Tare da na Ɗaya Ba

Ɗalibin Kafur da ya taɓa sayen littafin soyayya a kasuwar Funtuwa ko Malumfashi ya san takaicin samun littafi na biyu, na ɗaya ya ƙare. A ƙagaggun labaran kimiyya abin ya fi rikitarwa, domin wani littafin fim ne tushensa. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a 1969, ba shi da wannan matsala: tafiyar Kilba sararin samaniya ta fara ta ƙare cikin bango ɗaya.

A dubi 2010: Odyssey Two, wanda Arthur C. Clarke ya fitar a 1982. Ci gaba ne na 2001: A Space Odyssey, wanda ya fito a 1968 a matsayin littafi da kuma fim na Stanley Kubrick. A littafin farko, duniyar Zuhal kumbon ya nufa. A fim kuwa Mushtari. Da Clarke ya zo rubuta na biyu sai ya bi fim, ya bar nasa littafin. Saboda haka wanda ya karanta na ɗaya yana iya fin baƙo ruɗewa.

Ta fuskar kimiyya littafin ya tsaya da ƙafafunsa. A 1979 kumbunan Voyager biyu suka ratsa ta Mushtari, suka aiko da hotunan duwatsu masu aman wuta a kan watan Io, da shimfiɗar ƙanƙara a kan Yuropa. Clarke ya ɗora labarinsa a kan wannan, har ya ƙaga halittu cikin tekun da ke ƙarƙashin ƙanƙarar. Masana sun fi karkata ga cewa tekun yana nan. Halittun dai ba a gani ba. Kumbon Europa Clipper ya tashi a Oktoban 2024 don binciken wannan wata, ana sa ran isarsa a 2030.

Inda ya rame shi ne wajen HAL, kwamfutar da ta kashe 'yan sama-jannati a labarin farko. Fargabar sake kunna ta ita ce gishirin littafin, amma wanda bai ga ɓarnar da ta yi ba labari kawai ake ba shi, gabansa ba zai faɗi ba.

Don haka kada malamin da ya tarar da shi kaɗai a laburaren makaranta ya mayar da shi kan kanta. Ya ba ɗalibai labarin HAL cikin minti goma, ya zana musu Mushtari da manyan watanninta huɗu a allo, sannan ya miƙa musu littafin.