Rediyo ya yi wa kowa maganar lafiya da harshensa



A unguwar Kumbiya-Kumbiya da ke Gombe, tun asuba rediyo ke tashi, a teburin mai shayi, a shagon tela, a tsakar gida inda uwa ke dama kunu. Mutane da yawa ba sa karanta takardar asibiti, amma sanarwar ranar rigakafi ba ta wuce kunnensu.

An ga amfanin haka a yaƙi da shan inna. Bayan jita-jitar da ta tsayar da rigakafin a Kano a 2003, muryoyin sarakuna, malamai da likitoci a rediyo na cikin abin da ya dawo da yardar iyaye, har aka ayyana Afirka ta rabu da cutar ta asali a watan Agustan 2020.

Sai dai a jihar Gombe ba Hausa kaɗai ake ji ba. Akwai Fulatanci, Tangale, Tera, Waja da Bolanci. Manomin da kububuwa ta sara a gona yana bukatar ya ji da harshen uwarsa cewa ya garzaya asibitin saran maciji na Kaltungo, kada a ɓata lokaci wajen tsaga da ɗaure ƙafa.

Abin takaici, wasu tashoshin na sayar da fili ga masu tallan maganin da wai yake warkar da komai.

Don Allah tashoshin GMC, Jewel FM, Progress da Amana su ƙara filin likitoci cikin harsunan jihar, hukumar NAFDAC kuma ta sa ido kan waɗannan tallace-tallace.

Daga mai karatu,
Kumbiya-Kumbiya, Gombe.