Dukiyar Kurfai: daga kofato zuwa tubali

Tun kaka da kakanni, idan Bakurfaye ya samu rara, garke yake kai ta. Saniya ita ce asusunsa, kuma ba a banza shanun Azawak na Tukunus suka yi suna ba. Amma tun da ƴan bindiga suka yi kaka-gida a kan iyakar Mali, suna kore dabbobi, suna karɓar abin da suke kira zakka, wannan asusu ya hana mai shi barci. Shi ya sa ɗan ci-ranin da ya komo daga Abijan ko Kwatano, da malamin makarantar da ya yi ritaya, suke tambaya guda: shin in gina gidan haya a Filinge? Suna tambayar ne a tsorace, kuma mu a wannan jarida ba mu ga laifin tsoronsu ba. Abin da muke gani shi ne, ba su san inda ya kamata su aza shi ba.

Sabon shiga yakan ji tsoron ɗan hayar da zai ƙi biya. Ai wannan ƙaramin alhaki ne. Babban haɗari yana ƙarƙashin ginin: fili. An sayi fili a gindin itace, da shaidu biyu da fatiha, sai bayan an ɗora kwano wani magaji ya ɓullo daga tafiya ya ce gonar kakansa ce. Dokar ƙasar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin filaye domin irin wannan rigima, kuma a cikin gari ma'aikatar magajin gari ce ke yanka filaye, ta ba da takarda. Wanda bai riƙe takarda a hannu ba, kada ya sayi buhun siminti ko guda, ko da gwamnati ta rage kuɗinsa kamar yadda ta yi a watan Oktoba 2024.

Sa'an nan a yi lissafi da sanyin rai. A ce ɗaki biyu da zaure da makewayi sun ci miliyan 3 na sefa, a ce kuma haya jika 15 ce a wata. Sai an kusa shekara 17 kafin uwar kuɗi ta komo, ba a sa lanho ba, ba a sa gyaran da damina ke tilastawa ba, balle watannin da gida zai zauna babu kowa. Saniya tana haihuwa. Bango tsagewa yake yi.

Wa ma ke haya a Filinge? Ɗan gari yana gidan ubansa. Masu haya baƙi ne: malamai, ma'aikatan asibiti, jandarmomi, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Ke nan mai gida da baitulmali igiya ɗaya ta ɗaure su. Waɗanda suka ga shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, kuma darajar sefa ta faɗi da rabi a Janairu 1994, sun san yadda mai gida da ɗan haya suka riƙa kallon juna hannu babu komai. Ƙungiyoyin agaji kuwa, juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya nuna yadda za su iya naɗe tabarma cikin ɗan lokaci.

Saboda haka a fara da kaɗan, da kuɗin kai, ba da bashi ba. A rubuta yarjejeniya ko da ɗan hayar aboki ne. Dokar haya ta 1996 tana nan, jahilcinta ne ya yi yawa. A dubi inda ruwa ke bi a Dallol Bosso kafin a haƙa tushe.

Sauran aikin na hukuma ne. Magajin gari ya liƙa taswirar filayen da aka yanka a inda kowa zai gani, a daina sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Gwamnati kuma ta tsare hanyar Yamai zuwa Balleyara zuwa Filinge, domin ma'aikacin da ke fargabar hanya ba zai kawo iyalinsa ba, kuma gwauro ɗaki guda ya ishe shi.