Ɗan Sintiri Ba Alƙali Ba Ne

Kusan babu unguwar Sabo ko zangon Hausawa a Kudu da ba ta da 'yan sintirinta a yau, kuma kowane magidanci ya san kuɗin da yake bayarwa duk wata domin su. Ba mai musun amfaninsu. Mutumin da ya bar barcinsa ya ɗauki tocila da gora da usur yana zagaya rumfunan kasuwa har asuba ya cancanci godiya. Sai dai akwai maganar da muke kauce wa a tarurrukanmu: ina aikinsa ya tsaya?

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuwa ta yarda farar hula ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, amma da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Iyakar ikon ke nan. Ba a ba shi damar ɗaure mutum a shago har gari ya waye ba, balle duka don ya amsa laifi, wanda dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta ko ga mai kaki. Haka nan kama uba ko ƙane a madadin wanda ya gudu, ɗan sanda ma an hana shi, ina ga ɗan sintiri? Tarar da wasu ke yanka wa ɓarawon akuya su raba a tsakaninsu, wannan sunanta ƙwace.

Wani zai ce ai idan an kai ɓarawo caji ofis, gobe za ka gan shi yana yawo. Yakan faru. Amma mu tambayi kanmu, sau nawa wanda ya kama shi ya tsaya ya ba da bayani a rubuce, sau nawa ya bar sana'arsa ya je kotu shaida? Yawanci da an miƙa shi sai kowa ya watse, wai ba ya son shiga maganar hukuma. To, shari'ar da babu shaida korar ta ake yi. Zuwa kotun nan yana cikin aikin, kuma a ganina ya kamata ƙungiya ta riƙa biyan kuɗin motar mai zuwa daga asusun sintiri.

Mu da muke zaune a garin wasu, mun fi kowa sanin abin da hukuncin kan titi ke haifarwa. A watan Maris na 2025, 'yan sintiri ne suka tare motar mafarauta a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano yin Sallah. Da an wuce da su wurin 'yan sanda da bindigoginsu na farauta, da bincike ya raba gardama. A maimakon haka aka tara musu jama'a, aka kashe mutum 16. Dattawanmu kuma ba su manta da Shagamu a 1999 da Idi-Araba a 2002 ba, yadda magana ƙarama ta zama ta ƙabila cikin dare ɗaya. Ranar da yaronmu ya fasa kan ɗan gari da sunan sintiri, ba za a ce wane ya yi ba, cewa za a yi Hausawa sun yi, kuma rumfar mai albasa da bai san hawa ba bai san sauka ba ita za ta fara cin wuta.

Don haka ina roƙon Sarkin Hausawa da shugabannin ƙungiya su rubuta sunan kowane ɗan sintiri da na wanda ya tsaya masa, a kai wa DPO kwafi, a kuma sa lambar wayar ofishin a hannun shugaban kowane dare. Wanda aka san yana shaye-shaye a sallame shi, ko ɗan wane ne. Inda muke maƙwabtaka da 'yan gari, a nemi a riƙa fita tare da nasu. Wannan magana a sa ta cikin ajandar taron wata mai zuwa.