Kunyar Tambaya Ba Ta Yi Wa Ɗalibin Injiniya Rana

Da wuya a yau a shiga wani zangon Hausawa a Kurmi, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun da ta Shagamu, ba a tarar da ɗa ko 'ya mai karatun injiniya, ko fiziks, ko lissafi a jami'a ba. Uban ya sayar da goro ko shanu ya biya kuɗin makaranta, ya sauke nasa nauyin. Amma daren da lissafi ya cije wa yaron, babu wanda zai waiwaya ya tambaya a gidan. Abin takaici kuma, a makarantar ma ba ya buɗe baki, don gudun kada 'yan ajinsu su ce ɗan Arewa ya kasa.

Wannan kunya kuwa tsada gare ta, domin irin wannan ilmi hawa-hawa ne kamar bene. Wanda bai fahimci kalkulas a shekarar farko ba, zai sake karo da shi a shekara ta biyu da ta uku, cikin darasin ƙarfin ƙarfe, da gudun ruwa a famfo, da wutar lantarki. Ga misalin da kowane magini zai gane. Bim ɗin da aka ɗora kan ginshiƙai biyu, idan aka ninka tsawonsa sau biyu, kaurinsa da nauyin da ke kan kowace mita suna nan yadda suke, lanƙwasar tsakiyarsa ba sau biyu za ta ƙaru ba, sau 16 ne. Ɗalibin da ya haddace wannan don jarrabawa bai san dalilinsa ba, wata rana shi zai sa hannu a taswirar ginin da mutane za su kwana a ƙarƙashinsa.

Wasu kuma sun sami abin da suke ɗauka mafita ce. Sai su ɗauki hoton tambayar da waya, intanet ta ba su amsa, su kwafe su miƙa. Wayar ba ta da laifi, kuma takan yi amfani ga wanda ya riga ya gwada da kansa. Sai dai ba a shiga ɗakin jarrabawa da ita, kuma in ta yi kuskure mai kwafe ba shi da hanyar ganewa.

Neman malami ba baƙon abu ba ne ga mutanen Arewa. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bafillacen Katsina, ya bi malamai har ya kai Masar, ya rubuta littafi a 1732 kan lissafin hatimi, wato murabba'in da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741. Farfesa Iya Abubakar ma a Badun ya yi digirinsa na lissafi, a zamanin da 'yan Arewa ƙalilan ne a can, ya wuce Kambirij, daga baya ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

To, amma tambaya tana da ladabinta. Almajirin ilmi ba ya zuwa zauren malam hannu rabbana. Da littafinsa yake zuwa, ya yi bita, ya san layin da ya tsaya. Haka ya kamata ɗalibi ya je wa lakcara ko na gaba da shi: ga tambayar, ga ƙa'idar da ya ɗauka, ga inda lissafin ya karye. Wanda ya zo da haka, ko malami mai tsanani yakan ba shi lokaci. Wanda ya ce a yi masa kawai, aikin lada yake nema a yi masa, ba karatu ba.

Sauran aikin yana wuyan sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na zanguna. Akwai injiniyoyi da malaman lissafi 'yan Arewa da ke aiki a waɗannan birane, akwai kuma ɗaliban ajin ƙarshe. A nemo su, a ba su aji guda a makarantar Islamiyya duk yammacin Lahadi, da allo da alli da kuɗin mota, yadda yaro zai faɗi abin da ya shige masa duhu da Hausa, a gaban wanda ba zai yi masa dariya ba.