Zumunta a Ƙafa Take: Raddi ga Masu Fakewa da Waya

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke godiya, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai, ku sani wata cuta ta shigo mu, ba ta sa zazzaɓi, amma tana cin gida tun daga tushe. Ita ce mutum shi tafi wata jiha neman abinci, ko a kai 'yar'uwarsa aure can, shekara 5 ta wuce, 10 ta wuce, ba wanda ya taka ƙafa ya je ganin wani. Kadan ka tambaye shi, sai shi ce: "Ai muna gaisawa a waya." Na tattara hujjojin masu wannan hali, na iske guda 3 ne, zan bi su ɗaya ɗaya in rushe su, da yardar Allah.

Hujja ta farko, suna cewa nisa. To, wane nisa? Jihohin nan jiya jiya aka yanka su. A 1967 aka raba ƙasar nan jiha 12. Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano a 1991, Zamfara daga Sakkwato a 1996. Gwamnati ta ja layi a takarda domin sauƙin mulki, Haɗeja kuwa tana nan inda take, Daura ba ta gusa ba. Wanda ya tashi Kano da hantsi a mota, kafin azahar yana Katsina. Ku tuna kakanninmu fatake, masu bin madugu da jakuna zuwa Gwanja sayen goro, suna wata da watanni a daji kafin su ga Salaga, ga 'yan fashi, ga rafuka ba gada. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911. Waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903 suka zauna Mai Wurno a ƙasar Sudan, alhazai masu tafiya a ƙasa su ne suka riƙa kai musu labarin gida suna kawo nasu. Su ƙafa ta ishe su. Kai mota ta gaza maka?

Hujja ta biyu, suna cewa waya ta wadatar. Ban ce waya haramun ce ba. Tun da wayar hannu ta yaɗu a Nijeriya a 2001 an sami alheri da ita, kuma gaisuwa ta cikinta tana da lada, ta fi shiru. Amma waya tana kawo maka abin da mai magana ya so ka ji ne kaɗai. Tsohuwarka za ta ce maka "lafiya lau" alhali kwana 3 ba a hura wuta a gidan ba, domin kunya da kara. Ƙanwarka da miji ke cuta za ta ce "sai godiya", domin yana tsaye a kanta. Ido ne ke ganin rama, shi ke ganin katangar da ta faɗi da rumbun da ya ƙare. Kuma miji da dangin miji, kadan sun ga 'yan'uwan mace suna sallama a ƙofarsu lokaci lokaci, suna shakkar wulaƙanta ta. Wadda ba a zuwa wurinta kuwa, ita ake yi wa gorin ba ta da kowa. Ga wata ɓarna kuma: 'ya'yan wa da ƙane su tashi ba su san fuskar juna ba, ranar rabon gado su hadu gaban alƙali kamar baƙi.

Hujja ta uku, suna cewa tsada da tsoro. Wannan ita kaɗai ke da gaskiya a ciki, kuma ba zan ɓoye ta ba. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi ƙwarai. An sace matafiya a hanyar Birnin Gwari da ta Abuja zuwa Kaduna, har jirgin ƙasa aka tare a Maris 2022. Wanda ba shi da guzuri, ko hanyarsa ta tabbata halaka ce, shari'a ba ta ɗora masa abin da ba shi iyawa ba, shi aika da gaisuwa da abin da ya sawwaƙa har Allah shi buɗa. Amma ina tambayar mai hali: hanyar da kake tsoro domin goggonka, ba ita kake bi domin kwangila ba? Ba ita ka bi ɗaurin auren ɗan mai sarauta ba? Akwai mai zuwa Umra kowace shekara, yayarsa tana Gusau bai san ɗakinta ba. Umra ta biyu da ta uku nafila ce, yanke zumunta kuwa yana cikin manyan zunubai, malamai ba su saɓa a kan wannan ba. Wane mai hankali ke gina soro bisa tushen da ya rushe?

Ku duba kuma yadda shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda tafiyarsa ta halal ta kai mil 48 yana yin ƙasaru, salla mai raka'a 4 ta koma 2, an kuma yarje masa shi sha azumi shi rama. Allah ya rage maka nasa haƙƙi a kan hanya. Kai wane nauyi ka ɗauka domin ɗan'uwanka?

Saura laifin masu gida, domin ba zan kare ku ba. Kun mai da tsaraba haraji. Baƙo ya sauka, idonku na kan jakarsa kafin fuskarsa, har talaka ya gwammace shi zauna da shi zo hannu sake a yi da shi. Na ji wannan a bakin ɗalibai masu neman abinci a Legas da Fatakwal ba sau ɗaya ba, suna cewa sai sun tara na atamfa da na goro tukuna, tarin kuwa ba ya ƙarewa har a aiko musu da labarin rasuwa. Sa'an nan a sami kuɗin mota a dare ɗaya, a zo zaman makoki. Kuɗin da ya kawo ka ga kabari, da ya kawo ka ga mai rai yana iya sa maka albarka da bakinsa.

Saboda haka ina kira da abu 4. Kowane mai iko shi sanya wa kansa ziyara ko sau ɗaya a shekara, shi ajiye kuɗinta kaɗan kaɗan kamar na ragon layya. Shi tafi da ɗa ko 'ya, su san danginsu. Shi yi tafiyar rana, shi tambayi direbobin tasha halin hanya kafin shi hau, kuma kada shi daɗe har shi nauyaya wa masu masauki. Masu gida kuma su karɓi wanda ya zo da dabino 7 kamar wanda ya zo da buhu. Ku malamai, ku karanta wannan ga almajiranku, ku ba su izinin ganin iyayensu da guzuri, domin mai koyar da babin zumunta shi ya fi cancanta shi fara aiki da shi.

Allah shi tsare matafiya, shi sada mu da danginmu suna da rai. Amin. Wasalam.