Filin Baba Yara: Gyara Ya Fi Ƙaura



Akwai wata magana da ta daɗe tana kai-komo a tsakanin magoya bayan Asante Kotoko, a gidajen rediyo da majalisun shayi, har ta kai ga zaurukan dattawa. Maganar ita ce, ƙungiya mai girma irin wannan, wadda aka kafa tun 1935, bai dace a ce har yau 'yar haya ce a filin gwamnati ba. Masu wannan ra'ayi suna cewa a nemi fegi a bayan gari a gina sabon fili na ƙashin kai, a bar wa gwamnati filin Baba Yara ta yi yadda ta ga dama da shi. Mu dai ra'ayinmu shi ne a zauna a gyara. Za mu kawo dalilanmu, tare da ba wa masu son ƙaura haƙƙinsu, domin ba da wasa suka yi maganar ba.

Wani zai ce ina ruwan dattawan Zango da ƙwallo? Ruwansu a bayyane yake ga duk wanda ya karanta sunan da ke jikin ƙofar filin. Baba da Yara kalmomi ne da ɗan Zango ke ji tun yana goye. Mai sunan Musulmi ne, sunansa na yanka Usman Sa'idu, an haife shi a 1936, ya shiga Kotoko a 1955, ya yi ficen da aka riƙa kiransa sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma. A watan Maris na 1963, lokacin yana buga wa Real Republikans, motarsu ta yi hatsari a Kpeve da ke yankin Volta, ya samu rauni a ƙashin baya. An kai shi Ingila neman magani, ya dawo bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba har Allah ya karɓi ransa a 1969. A zamanin mulkin Shugaba Kufuor aka sa wa filin sunansa. Ku duba garin nan gabas da yamma, ku ƙirga manyan gine-ginen hukuma da ke ɗauke da suna irin namu. Ba za ku gaji da ƙirga ba. Idan Kotoko ta tashi, filin zai zama kufai a hankali, sunan kuma ya bi shi.

Shi kansa filin shaida ne a kan cewa gyara yana yiwuwa. Kamfanin UAC ne ya gina shi, aka buɗe shi a 1959. An yi masa aiki a shekarun 1970 gabanin gasar cin kofin Afirka ta 1978, sannan aka yi masa babban aiki kafin gasar 2008, wanda ya kai shi ga ɗaukar mutum kimanin 40,000. Duk waɗannan ayyuka a wuri ɗaya aka yi su. A nan Opoku Nti ya jefa ƙwallo ɗaya tilo a ragar Al Ahly ta Masar a 1983, Kotoko ta ɗauki kofin zakarun Afirka karo na biyu. A nan Ghana ta ci Masar 6 da 1 a watan Oktoba na 2013. A nan aka tashi babu ci da Najeriya a watan Maris na 2022, ranar da gidajen Zango da yawa suka rabu biyu saboda raha, uba yana goyon bayan ƙasar kakanni, ɗa yana goyon bayan ƙasar haihuwa. Siminti da ƙarfe ana sayensu a kasuwa, amma irin wannan tarihi sai an shekara ana tara shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, mene ne kukan masu son ƙaura? Na farko, filin ba na Kotoko ba ne, yana hannun Hukumar Wasanni ta Ƙasa, kuma duk ranar wasa sai an cire kason hukuma daga kuɗin ƙofa. Na biyu, ana bayar da filin haya ga tarukan addini da na siyasa da na kaɗe-kaɗe, a kafa rumfuna da dandamali a kan ciyawa, a tattake ta, sannan a ce 'yan wasa su zo su buga a kai. Na uku, kowa ya ga abin da ya faru a watan Satumba na 2024. Angola ta zo ta ci mu ɗaya da nema a kan ciyawar da ta zama abin kunya, kuma bayan 'yan kwanaki hukumar CAF ta janye amincewarta da filin. Duk wanda ya ce waɗannan ba gaskiya ba ne ya zalunci masu faɗa.

Sai dai a duba da kyau, ina ciwon yake? Ciyawar da aka bari ta mutu, famfon da ya toshe, fitilar da ta ƙone ba a sauya ba, kujerar da ta karye, banɗakin da ba ya shiguwa, duk alamun cuta ɗaya ce, wato riƙon sakainar kashi da ake yi wa kayan jama'a. Wannan cuta a hannun mutane take, kuma hannun zai bi mu duk inda muka koma. Kakanninmu da suka zo fataucin goro daga ƙasar Hausa sun bar mana labarin gidan ƙasa: duk shekara kafin damina maigida yakan kira magina su yi yaɓe, su gyara indararo, shi ya sa soro ke ganin jikoki. Maigidan da ya ƙi yaɓe, ko sabon gida ka gina masa, 'yan damuna kaɗan zai dawo yana neman wani.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Filin Essipong da ke Sekondi sabo fil aka gina shi saboda gasar 2008, a wajen gari, shekararsa ɗaya da gyaran Baba Yara. Bai yi shekara 15 ba hotunan rufinsa da tsatsa ta cinye suka cika jaridu. Sabunta ba ta hana shi lalacewa ba, nisansa da gari kuma ya rage masu zuwa, ya rage masu ganin ɓarna su yi magana.

Sai maganar kuɗi, wadda masu zumuɗi ke tsallakewa da sauri. Gasar ƙasarmu ƙungiya 18 ce, ke nan wasan gida 17 a shekara, sai ɗan abin da kofi ya ƙara. In ban da ranar da Hearts of Oak ta zo, ko wani babban wasan Afirka, kujerun da ba kowa sun fi masu mutane yawa. Da wane kuɗin ƙofa za a biya ginin miliyoyin daloli? Sai dai bashi, kuma bashin da dala, alhali tikiti da sidi ake sayar da shi. Duk ɗan kasuwar da ya ga yadda sidi ta zube a 2022 ya san abin da wannan ke nufi. Arsenal ta Landan, da duk arzikinta, ta bar Highbury a 2006 ta koma sabon filin da ya ci kimanin fam miliyan 390, ta shafe shekaru tana sayar da gwanayenta, kuma daga 2005 ba ta sake ɗaga babban kofi ba sai 2014. Valencia ta ƙasar Sifen ta fara sabon fili a 2007, kuɗi ya yanke a 2009, ginin ya tsaya kango fiye da shekara 15 tana ci gaba da wasa a tsohon gidanta. Ita kuwa Liverpool ta taɓa shirin tashi daga Anfield, daga baya ta fasa, ta riƙa faɗaɗa shi ɓangare-ɓangare har ya kai ɗaukar mutum sama da 60,000, ba tare da ta rasa unguwarta ba.

Mu mutanen Kumasi ma ba a ba mu labarin kango. Kasuwar Krofrom da aka fara a 2007 ta shekara fiye da 15 tana jiran ranar buɗewa. Ginin sashen haihuwa na asibitin Komfo Anokye da aka fara tun shekarun 1970 ya tsaya har ƙarfinsa ya ƙare, daga ƙarshe rushe shi aka yi. Iyayenmu mata da aka tasa daga babbar kasuwa da alkawarin sabbin shaguna sun san tsawon jira. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Zanen fili a takarda yana da daɗin kallo, amma tsakanin aza harsashi da busa usur na farko akwai shekarun da ƙungiya za ta riƙa ciyar da gini tana barin 'yan wasa da yunwa. Malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani, kuma kashe dukiya a kan abin da akwai madadinsa a hannu ɗan'uwan almubazzaranci ne.

Akwai kuma wasu mutane da ba a gayyatar su gidan rediyo idan ana wannan muhawara. Filin Baba Yara a tsakiyar gari yake, wajen Amakom da Asokwa. Yaro daga Aboabo ko Asawase ko Akwatia Line yakan tako da ƙafa bayan azahar, ya kalli wasa, ya dawo gida a kan lokaci. Ranar wasa rana ce ta ciniki ga mai wake da shinkafa, da mai ƙosai, da mai tsire, da mai ruwan leda, da yaron da ke yawo da tutoci da riguna ja. Mu da aikinmu ya haɗa da rubuta koken jama'a a zauren mai unguwa mun san gidaje nawa ke dafa tukunya da irin wannan ciniki, mun san zawarawa da ke biyan kuɗin makarantar marayu da shi. A kai fili can wajen Ejisu, sai mai mota da mai kuɗin mota biyu. Talaka zai koma kallo a talabijin, in ya zauna gaban talabijin kuwa wasan Ingila zai kunna. Haka ƙungiya ke rasa jikokin magoya bayanta ba tare da ta ankara ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da muke ba da shawara, cikin ladabi ga hukuma da ga fadar Manhyia wadda ƙungiyar ke ƙarƙashin inuwarta, ga shi.

A ƙulla yarjejeniyar haya mai tsawo, ta shekara 25 ko 30, tsakanin Kotoko da gwamnati, wadda za ta damƙa wa ƙungiyar kula da ciyawa da fitilu da tsabta, a rage mata kason da ake cira gwargwadon abin da ta ɗauka. Ɗan haya na wata ɗaya ba ya dasa itace, amma wanda ya san zai shekara 30 zai dasa ya yi ban ruwa. A sa sharaɗi a rubuce cewa Black Stars da King Faisal da sauran ƙananan ƙungiyoyi da makarantu ba za a rufe musu ƙofa ba.

A ware wani kaso sananne daga kowane tikiti da kowace haya zuwa asusun gyara, wanda ba a taɓa shi don albashi ko sayen ɗan wasa, kuma a riƙa karanta lissafinsa a fili duk shekara. Wanda ya taɓa riƙe kuɗin masallaci ya san cewa jama'a ba sa rowa idan ana karanta musu abin da ya shiga da abin da ya fita.

Duk taron da ba na wasa ba, ko na wane addini ne ko na wace jam'iyya, kada a bar shi ya hau ciyawa sai an shimfiɗa abin kariya, kuma mai taro ya ajiye kuɗin jingina. Ba mu ware kowa ba, har da mu.

A yi aikin daki-daki a lokacin hutun gasa, a fara da abin da ya shafi rai: ƙofofin fita, da matakala, da hanyar motar asibiti. Ba mu manta da 9 ga Mayu, 2001 ba, ranar da aka harba barkonon tsohuwa a filin wasa na Ankara, babban birnin ƙasarmu, mutane suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, rai 126 suka salwanta, cikinsu har da 'ya'yan Zango masu yawa, musamman na Nima. Allah ya jiƙansu. Ƙofar da ke buɗuwa a kan lokaci ta fi rufin gilashi daraja.

A keɓe wa masu sana'a rumfuna masu tsari a harabar filin da haya mai sauƙi, a yi wurin alwala da salla mai mutunci, tunda wasa yakan ci la'asar. A kuma ware ɗaki guda a ajiye hotunan Baba Yara da na 'yan zamaninsa da tarihinsu, domin yaran makaranta su san wane ne mai sunan.

Kuɗin da ake mafarkin zubawa a sabon fili kuwa, a kai abin da ya samu Adako Jachie, inda ƙungiyar ke da wurin atisaye nata na kanta. A can ake bukatar filaye masu kyau da ɗakunan kwana da makaranta ga yara masu tasowa. Filin kallo yana aiki kwana 20 ko 30 a shekara, wurin renon yara kuwa kullum yana aiki, kuma daga nan ne wani Baba Yaran zai fito.

Akwai hali guda da za mu sauya magana. Idan injiniyoyi amintattu suka auna suka ce harsashin wani ɓangare ya gaji har yana barazana ga rai, to a rushe shi ba tare da jinkiri ba, domin rai ya fi tarihi. Amma ko a nan, a sake ginawa a inda yake, kamar yadda aka yi a Tarkwa, inda aka tayar da sabon filin da Medeama ke wasa a gurbin tsohon, aka buɗe shi a 2024, mutanen gari ba su rasa hanyar da suka saba bi ba.

Muna kira ga matasanmu da ke cikin rassan magoya baya su kai wannan magana tarukansu, su faɗe ta da hujja da ladabi. Muna kira ga sarakunan Zango da limamai da wakilanmu a majalisa su sa baki tun ana shawara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya jiƙan Usman Sa'idu da sauran magabatanmu, ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuriya. Amin.