Tanimun da Washington: Jarumtaka Ba Ta Hana A Faɗi Gaskiya

A farkon watan Satumbar 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. 'Yan Damagaram na gida da na Legas, Aljeriya da Faransa sun cika Facebook da alhini, sunan Sarki Tanimun ɗan Sulaiman kuma ya sake dawowa bakin matasa. Alhinin ya dace. Sai dai hirar da ta biyo baya kusan duk kirari ce, kirari kuwa rabin tarihi ne.

Babu mai musun girman Tanimun. Daga 1851 zuwa 1884 ya mayar da masarautar da ke kai gaisuwa Borno ta zama ƙasa mai ji da kanta. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera igwa, ya tara bindigogi, ayarin raƙuma daga Tarabulus suka riƙa sauka a Zango. Da Faransawa suka ci ƙasar a 1899, birni suka tarar, shi ya sa Damagaram ta zama babban birnin mulkin mallakar Nijar har 1926, lokacin da aka koma Yamai.

Amma da me aka sayi bindigogin nan? Babban kaso na dukiyar ya fito ne daga bayi: mutanen da aka kamo a yaƙi da hare-hare, wasu aka tura su hamada, wasu aka ajiye su suna noma da aikin gini. Hausawa ne da maƙwabtansu, masu iyaye da 'ya'ya kamar kowa.

A nan ne labarin George Washington yake da amfani gare mu. Shi ne ya jagoranci yaƙin 'yancin Amurka, ya zama shugabanta na farko a 1789, ya sauka da kansa a 1797 bayan wa'adi biyu. Duk da haka, lokacin da ya rasu a 1799 akwai bayi fiye da 300 a gandunsa na Mount Vernon. Ya yi wasiyyar a 'yanta nasa, amma sai bayan rasuwar matarsa. Yau wanda ya ziyarci gidan zai ga kabarin Washington, zai kuma ga wurin tunawa da bayin da aka binne a can. Jikokin bayi da masana tarihi ne suka matsa har aka kai ga haka, kuma Washington bai bar kan dala ɗaya ba.

Wasu za su ce ba a auna mutanen da da mudun yau, kuma tonon silili zai zubar da mutuncin sarauta. Gaskiya ne Tanimun ɗan zamaninsa ne, duk sarakunan yankin haka suke yi. To amma ciwon bai warke ba. Sai a 2003 Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuka. A 2008 kotun CEDEAO ta samu gwamnati da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya. Har gobe akwai gidajen da ake fasa aure idan bincike ya nuna "asalin" saurayi. Wanda ya ce a rufe maganar, ya tambayi wannan saurayin tukuna.

Abin da ya kamata shi ne, idan za a sake gina masallacin Birni da gyara abin da ya rage na ganuwa, a rubuta tarihin duka: sarkin da ya yi umarni da hannayen da suka cuɗa ƙasa. Jami'ar André Salifou, mai ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, ta tura ɗalibai su naɗi bakin tsofaffi, na fada da na zuriyar bayi, kafin su ƙare. Fadar Sarkin Damagaram ta buɗe musu ƙofa. 'Yan ci-rani da ke tara kuɗin bulo su ware wani abu domin wannan aiki.

Tanimun ya isa a yi alfahari da shi. Ya kuma isa a faɗi gaskiya a kansa ba tare da ganuwarsa ta girgiza ba.